Azamar Birnin Shehu

A cikin hunturun bara, bayan an gama kaka an shigar da amfanin gona, iska ta fara kaɗowa da ƙurarta har rana ta zama kamar faifai a sama, Baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya aiko a kira ni bayan sallar isha'i, ya shaida mini cewa ya ƙudura niyyar ziyarar Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato tun yana da sauran ƙarfi, kuma ba ya son jirgin sama, ba ya son motar haya, ni yake so in kai shi a motata, domin ya ga ƙasar da ya ratsa yana saurayi da idonsa, ya tsaya inda ya ga damar tsayawa. Na ce, "To, Baffa, Allah ya nufe mu da zuwa." Amma na fito daga zaurensa zuciyata da nauyi, gama na san tsakanin Kano da Sakkwato akwai kilomita fiye da 500, na kuma san abin da kowa ya sani game da dazuzzukan Katsina ta kudu da Zamfara a waɗannan shekaru, inda 'yan bindiga ke tare hanya suna kwashe matafiya don neman kuɗin fansa.

Abin da ya fara umurtata da shi shi ne istihara, sa'an nan shawara, ya ce wanda ya haɗa waɗannan biyu ya sauke abin da ke kansa, saura na Allah. Daga wannan dare zuwa ranar da muka tashi mako uku ne cif, kuma daga baya na lura cewa kusan kwanakin da Baturen nan Kilafaton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya yi ke nan a kan hanya a shekarar 1824, lokacin da ya bar Kano a watan Fabrairu ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a tsakiyar Maris. Abin da suka ci a tafiya mu mun ci shi a shiri. Hanyarsu ta bi arewa da tamu ta yau, ta wajen Zurmi, ta keta dajin Gundumi, wanda ba ruwa a cikinsa kuma maharan Gobir ke kai da kawowa, har sai da Bello ya aiko da mahaya suka tarye shi suka raka shi. Shekara 29 bayan haka Bature Barth, da ake kira Abdulkarimu, ya ratsa wannan daji da ayarinsu, suka yi ta tafiya dare da rana ba su sauke kaya ba, saboda tsoron abin da ke cikinsa.

Baffa ya sha ba mu labarin yadda fatake ke shirya ayari, kamar yadda ya ji daga dattawan da ya tarar: madugu ba ya ɗaga ƙafa sai ya san kowane zango da rijiyarsa, ya san sarkin da za a ba gaisuwa da kogin da za a biya kuɗin fito, ya aika jagaba gaba ya jiyo labari, ya nemi malami ya zaɓar masa rana. Da kwalta ta zo, mota ta yawaita, sai mutanen zamaninmu suka ɗauka wannan ilimi ya zama tarihi, mutum ya kunna mota da tsakar dare ya kama hanyar Gusau ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma a gaskiya an yi shekaru ana haka lafiya. Ni kaina na yi. Yau kuwa zamani ya juyo da mu wurin madugu, ko muna so ko ba ma so, kuma abin da ya ba ni tausayi shi ne da yawa daga cikin samarinmu ba su san yadda ake tambayar hanya ba, domin ba su taɓa ganin an yi ba.

Ƙanena, wanda za mu riƙa karɓar tuƙi da shi, yana cikin irin waɗannan, ko da yake yaro ne mai hankali. Ya zo mini da wayarsa ya buɗe taswira, ya ce, "Yaya, ga shi nan an zana mana komai, har da awoyin." Na duba, na ga lalle ta nuna garuruwa daidai: a fita ta Kabuga a kama hanyar Gwarzo, a wuce Rimin Gado da Gwarzo, a shiga ƙasar Katsina ta Dayi, sai Malumfashi da Bakori da Funtuwa, daga nan a miƙe yamma maso arewa ta Sheme da 'Yankara zuwa Tsafe, a wuce Kwatarkwashi a shiga Gusau, sa'an nan Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara da Tureta da Dange, har Birnin Shehu. Ta nuna kuma wani yanke da ya bi ta Ƙanƙara ya ɓulla Sheme ba tare da an shiga Funtuwa ba, shi ne ya ja hankalin yaron, don ya ga an rage tafiya. Akwai ta Zariya, wadda ta fi nisa amma tana da tagwayen titi har Zazzau, daga can a bi ta Giwa a haɗu a Funtuwa. Akwai kuma ta arewa, a bi ta Katsina da Jibiya a ƙetara Nijar, a ratsa Maraɗi da Madawa zuwa Birnin Ƙonni, a sake shigowa Nijeriya ta Illela a gangaro ta Gwadabawa, hanyar da ke buƙatar takardun ƙetare iyaka da kuɗin sefa, wadda kuma rufe iyaka da aka yi a 2019, aka sake yi bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya koya wa mutane cewa ba a dogara da ita. Na ce wa yaron taswirar tana sanin tsawon hanya, amma ba ta san abin da ya faru a kanta jiya da la'asar ba, don haka gobe ya shirya mu je tasha.

A tashar da ake lodin Gusau da Sakkwato wani kamasho ya nuna mana wani dattijon direba, yana zaune a kan benci kusa da mai shayi, da carbi a hannunsa da rawani ya naɗe kunnuwansa saboda sanyi. Muka gaisa, na gaya masa buƙatarmu, ya yi shiru yana kallon ƙanena, sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki makullin motarsa ya ja layi a ƙasa, ya ɗiga ɗigo huɗu, ya ce wannan Kano, wannan Funtuwa, wannan Gusau, wannan Mafara. Ya kewaye tsakanin ɗigo na biyu da na uku da da'ira, ya ce, "Alhaji, duk lissafinku a nan zai tsaya. Kada ku shiga nan rana ba ta ɗaga ba, kada ku shiga nan rana ta karkata. Kada ku zama ku ne masu buɗe hanya da safe, kada kuma ku zama ku ne masu rufe ta da yamma." Da ƙanena ya ambaci yanken Ƙanƙara, sai dattijon ya share wurin da tafin ƙafarsa, ya ce, "Yaro, hanyar lafiya a bi ta da shekara."

Ya ƙara mana da abubuwan da ba na tsammanin an taɓa rubuta su a wani wuri, alhali kowane direban wannan hanya ya haddace su kamar karatun allo. Ya ce idon mai tuƙi ya kasance a kan motocin da ke tahowa daga gaba, domin su ne jaridar hanya: muddin suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, gaba lafiya, in aka ɗauki lokaci ba a ga ko ɗaya ba a wurin da aka saba ganinsu, a tsaya a gari na farko a tambaya, kada a ji kunya. In mai tahowa ya kunna fitila yana kashewa, ko ya fito da hannu yana juya shi, a rage gudu a fahimci abin da yake nufi. Ya ce kada mu yi tafiya mu kaɗai, mu nemi motocin haya biyu ko uku mu bi sahunsu daga Funtuwa, kada mu tsaya kama ruwa a daji komai matsuwa, kada kuma mu faɗa wa wanda ba mu sani ba ranar tashinmu. A ƙarshe ya ba ni lambar wayarsa, ya ce in kira shi daren da za mu tashi ya gaya mini abin da waɗanda suka iso ranar suka gani, da sharaɗin ni ma in na sauka lafiya in kira shi in ba shi nawa labarin. Na yi ƙoƙarin ba shi na goro, ya ƙi karɓa, ya ce wannan ba abin sayarwa ba ne.

Da na koma gida na zauna da takarda na yi lissafi a kan maganarsa. In muka bar Kano bayan sallar asuba gari ya fara wayewa, za mu isa Funtuwa da hantsi, wajen ƙarfe 10, lokacin da hanya ta cika da motoci. Mu shiga Gusau kafin azahar. Mu wuce Mafara rana na da sauran tsawo. Mu sauka Sakkwato kafin almuru, har da rarar awa biyu saboda abin da ba a sani ba, kamar faci ko jinkiri a shingayen jami'an tsaro, waɗanda suke da yawa a wannan hanya. Na kuma yanke cewa in wani abu ya riƙe mu har la'asar ta same mu a Gusau, to a nan za mu kwana, ba gardama, na nemi wani abokin karatuna da ke zaune can ya san da zuwanmu.

Sa'an nan na kai motar wurin bakanikenmu, mutumin da ya fi shekara 10 yana duba ta. Ya juye baƙin mai, ya duba birki da lagireto da batir, ya ciro abin da ke tace iskar inji ya buga shi a ƙasa, ƙurar hunturu ta tashi kamar an zazzage buhun gari. Da ya zo kan tayoyi sai ya durƙusa ya kira ni, ya goge gefen ɗaya da babban yatsansa ya nuna mini wasu lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye, ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar, kuma tawa ta gaba ta hagu ta haura shekara bakwai, ko da yake zanenta bai cinye ba. Ya lanƙwasa gefenta ya nuna mini tsage-tsage sirara kamar faso a diddige, ya ce irin wannan ita ce ke fashewa in kwalta ta yi zafi mota na gudu. Da muka ɗaga safaya kuwa, muka tarar ba iska a cikinta ko kaɗan, ta yi watanni a haka ban sani ba. Na sayi taya biyu sababbi, kuɗin ya yi mini ciwo, amma da na tuna cewa fashewar taya tsakanin 'Yankara da Tsafe ba irin fashewarta a titin Zariya cikin Kano ba ce, sai na ga araha. Na haɗa jak da sifana da abin kashe gobara, na duba lasin da inshora da sauran takardu, don kada a sami abin riƙe mu da shi a shinge.

Batun mai shi ma sai da aka zauna a kansa, domin tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 kuɗin fetur ya zama shi ne rabin guzuri. Motata tana shan kimanin lita 10 a kowace kilomita 100, watau zuwa kawai zai ci lita 50 da wani abu. Ƙanena ya kawo shawarar mu ɗauki jarka, na hana, saboda na tuna a 2021 gwamnatocin wannan yanki sun haramta sayar da mai a jarka don toshe wa 'yan daji hanyar samunsa, a lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Zamfara, kuma har yanzu mai jarka a bayan mota abin tuhuma ne a wurin jami'i. Muka tsaya a kan mu cika tanki a Kano, mu ƙara a Funtuwa, mu sake ƙarawa a Gusau, kada allura ta sauka ƙasa da rabi.

Shi kuwa Baffa, duk wannan kai da kawowa bai dame shi ba kamar mas'alar salla. Wani dare ya sa aka ɗauko masa Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ya karanta a gaban malaminsa tun yana yaro, ya zaunar da mu ya bi mana babin sallar matafiyi daki-daki: cewa a mazhabar Imamu Malik nisan da ke halatta ƙasaru mil 48 ne, tafiyarmu kuwa ta ninka haka sau da yawa, cewa azahar da la'asar da isha'i ne ake mayarwa raka'a biyu, magariba da asuba suna nan yadda suke, cewa ba a fara ƙasaru sai an wuce gidajen gari, saboda haka asubar ranar tashi da duk abin da ya same mu a cikin Kano cikakke ne, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya sauka ya zama mazauni, sai ya cika. A kan wannan ya tsara kwanakin. Ya zaɓi Alhamis, saboda ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya a wannan rana, kuma don mu sami Juma'a a Masallacin Shehu. Asabar, in masu masaukinmu sun ga hanya ta yi kyau, mu je Wurno inda kabarin Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, shekara 20 bayan mahaifinsa Shehu. Lahadi mu juyo. Ya ce kuma tun da mu uku ne wajibi ne mu naɗa shugaba, sai muka ce ai shi ne, ya ce a'a, a kan salla da zikiri shi ne, amma a kan tsayawa da tashi ni ne, kuma in na ce a juya ko a ƙofar Sakkwato ne zai juya. Ban taɓa jin nauyin amana kamar na wannan dare ba.

Ya kira babban ɗansa ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi, ya zagaya maƙwabta ya yi sallama ya nemi gafara, aka yi sadakar waina ranar Laraba. Gwaggo ta haɗa mana dakuwa da kilishi da dabino da gurasa, da ruwa mai yawa, ni kuma na shiga Kantin Kwari na yanko shadda, na haɗa da turare, tsarabar masu masauki. Da dare na kira dattijon tasha, ya ce waɗanda suka iso yau sun iso lafiya.

Muka fita ta Kabuga gari na wayewa, hazo ya rufe gaba har sai da fitila, Baffa yana baya yana jan addu'ar hawa abin hawa da ta tafiya. Gwarzo da Dayi da Malumfashi suka wuce ba wani labari, sai gonakin da aka girbe da tarin kara da motocin auduga, gama wannan yanki tun zamanin Turawa ƙasar auduga ce, ita ce ma ta jawo aka shimfiɗa reshen dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A Funtuwa muka sha mai, muka jira har motocin haya uku suka tashi, muka bi bayansu.

Ba mu daɗe da wuce Sheme ba ƙanena, wanda yake ƙirga motocin da ke tahowa kamar yadda aka koya masa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, tun ɗazu ban ga kowa ba." Na duba na ga gaskiyarsa, kuma na ga na gabanmu sun fara rage gudu. A 'Yankara dukanmu muka sauka gefen titi, muka tarar da motoci kamar 20 sun riga mu tsayawa, ba mai hayaniya, kowa yana kallon yamma. Minti 40 muka yi a nan, Baffa bai ce uffan ba sai carbinsa, har wani mai babur ya iso ya ce tirela ce ta faɗi ta gindaya a hanya, an samu an ja ta gefe. Da motar farko ta ɓullo daga can, direbanta ya ɗaga hannu, sai na ji mutane suna ta hamdala, kowa ya koma motarsa.

Bayan Tsafe, da duwatsun Kwatarkwashi suka bayyana a cikin hazo, Baffa ya ce in rage gudu, ko da ba za a tsaya ba. Ya ce a farkon 1903 Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan Kano don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, yana kan hanyar dawowa labari ya same shi cewa Nasara sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Shi ya rabu da jama'ar da dare, daga baya aka kama shi aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926, Waziri Ahmadu kuwa ya ja waɗanda suka zaɓi yaƙi, suka haɗu da sojan Turawa a kusa da waɗannan duwatsu, a nan ya yi shahada tare da mutane da yawa. Wambai Abbas ne ya koma da sauran jama'a Kano aka naɗa shi sarki, a tsakiyar Maris kuma Sakkwato ta faɗi a Giginya. Ya ce Kanawa da yawa suna kwance a wannan ƙasa ba wanda ya san kaburburansu, ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka shafa, ni da hannu ɗaya a kan sitiyari.

A Gusau muka yi azahar raka'a biyu, muka ci abinci a tsaye, harshen mutane ya fara sauyawa, ana ce mana "kun zo lahiya". Muka wuce Bunguɗu da Maru, muka bar Talatar Mafara da madatsar ruwan Bakolori a bayanmu, daga Tureta ƙasa ta buɗe, itatuwa suka yi ƙaranci, raƙuma suka fara gilmawa da kaya. Rana tana da sauran kamu biyu muka ga gidajen Sakkwato.

Bayan an kai Baffa ɗakinsa an kawo masa ruwan alwala da fura, an yi magana a kan cewa da hantsi za a kai shi Hubbare kafin Juma'a, na fita ƙofar gida na kira dattijon tasha kamar yadda na yi alkawari. Ya yi hamdala, sa'an nan ya shiga tambaya: ƙarfe nawa muka bar Funtuwa, shinge nawa muka ƙirga tsakanin Tsafe da Gusau, an gama ɗauke tirelar nan ko tana gefen titi, wane gidan mai ne ke da mai a Mafara. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, ina jin yana maimaita wa wasu da ke kusa da shi, domin yana da lodin mutum 18 da zai tashi da su bayan asuba.